Malamin da Aka Kai Jidda

Ƙarar finjali ce a kan siminti, 'yar ƙarama, ko fashewa bai yi ba. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na jiyo ta daga ɗakin Malam. Da na leƙa, shayi ya malale a gefen tabarma, shi kuma yana kallon hannunsa na dama kamar ba nasa ba.

Malamin babana ne. Tun da matarsa ta rasu yake zaune a gidanmu na unguwar Ƙuba a Madina, ɗakin da ke kallon lambun dabino. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi, ta Cadi, ta Sudan, kuma burinsa ɗaya: ya cika a Madina a sa shi a maƙabartar Baƙi'a. Shi ya sa tun da ya sauke farali bai ƙara kwana a wajen gari ba. Ko garin Khaibar aka gayyace shi lokacin nunar dabino, sai ya ce, "In aka zo nemana ba na nan fa?"

Ɗalibansa kuwa, zamanin ne da kuɗin fetur ya shigo, duk sun zama manya. Kowace Sallah sai ka ga motoci sun toshe mana lungu, ƙanshin turaren wuta har ya shaƙe mutum. Su sumbaci goshinsa, su yi ta kuka da hawayen da ba su taɓa jiƙa ko gefen mayafi ba. Sannan a fara wawason sauran shayinsa, wai tabarruki. Kafin tsoho ya kai rabi wani ya zare finjalin yana "Baraka, ya Shaikh!" Su jibge masa gasasshen rago, alhali ba shi da haƙori ko ɗaya. Sai sun watse babata ta dama masa kunu, tana tsaki ƙasa-ƙasa.

Da labarin ciwon ya kai musu, kafin la'asar sun cika zaure. Akwai asibiti a Madina, amma wai bai kai darajar malaminsu ba. Me mutane za su ce? Sai dai babban asibitin Jidda. Harshen Malam ya yi nauyi, amma ni da ke bayan labule na ji shi sarai: "Ku bar ni a nan."

"Shaikh ya gaji, bai san abin da yake faɗa ba," in ji wani mai babbar mota a cikinsu.

Babana tela ne, shi ne ƙarami a cikinsu. Ya buɗe baki, suka kalle shi, ya sunkuyar da kai.

Da suka ɗauko Malam, ya riƙe bakin ƙofa da hannun hagu. Suka dinga ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai sun sumbace shi. Wallahi ban taɓa ganin ladabi mai muni irin wannan ba.

A Jidda ya cika, a can aka binne shi. Suka dawo zaman ta'aziyya, su ne masu kuka da ƙarfi, har da rigima kan wa zai ɗauki sandarsa. Na sani ƙasa duk ta Allah ce, kuma ajali yana da wurinsa. Amma har yau in na ji wani yana kurin ya yi wa malami hidima, sai zuciyata ta tashi.

Yanzu lambun ya zama benaye. Kwanan baya ina zaune da jikata, aka nuna wani fim na Japanawa: tsohon malami, ɗalibansa sun kewaye shi suna ta shagali. Na ja tsaki, ta tambayi dalili, na ba ta labarin nan. Ita da ba ta amsa mini sai da Larabci, ranar ta lalubo Hausa:

"Kaka, to a can Jidda wa yake zuwa masa ziyara?"