Fitilar Mota Ranar Lahadi

A shekarar 1961 na fara sanin Sekope Taufa, a makarantar mishan ta Neiafu, babban garin tsibirinmu. Ni ina bencin gaba, shi kullum yana ɗakin inji, hannu duk baƙin mai. Na zama malami mai wa'azi, shi ya zama makanike. Bai taɓa mallakar na'urar gwajin mota ba, kunne yake sawa.

Bara aka sa ni wa'azi a ƙauyen Tu'anekivale, can ƙarshen hanya. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa barin jama'a suna jiran mai wa'azi ba. Da safiyar Lahadin na tayar da motar da 'yata ta aiko daga Auckland, sai fitilar gargaɗi ta gaban sitiyari ta kama, da rubutu wai akwai matsala. Ga shi a wurinmu ba a taɓa sifana ranar Lahadi.

Sekope ya tsallako daga gidansa cikin farar riga, 'yar tabarmar da muke ɗaurawa don zuwa coci tana ɗaure a ƙugunsa. Ya harɗe hannuwa a baya don kada su yi abin da suka saba.

"Malam, ja ce ko rawaya?"

"Rawaya."

"Tana ƙiftawa?"

"A tsaye take."

"Taka birki. Abin da ba ka iya ba ke nan in ka hau mumbari."

Na taka, birki na nan da ƙarfi. Ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, ya shinshina, ya saurari injin.

"Da ja ce, a ƙafa za ka tafi, tsoho. Wannan za ta kai ka, amma a hankali. In ta fara ƙiftawa ko inji ya yi zafi, ka tsaya. Gobe ka kawo ta."

"In ta mutu a hanya fa?"

"Sai ka yi mata addu'a, aikinka ne."

A rabin hanya na duba madubi, sai ga tsohuwar akori-kurarsa a bayana. Ya bar mawaƙan cocinsa, inda shi ne mai babbar murya. Na isa saura minti bakwai a kaɗa ƙararrawar ƙarshe. Ya zauna a bencin baya, ya yi ta gyangyaɗi.

Ran Litinin ya gano wata waya ce gishirin teku ya ci. Game da biyo ni da ya yi kuwa, matarsa Kalolaine ce ta tuna mini cewa ran jana'izar mahaifiyarsa muryarsa ta sarƙe a tsakiyar karatun Nassi, na tashi na ƙarasa masa. Ni na manta. Shi bai ɗago maganar ba. Ya miƙo mini makulli, ya ce in daina ajiye mota a bakin ruwa.