Hasken da Ya Keto Bayan Magariba

Ƙanena tun yana yaro bakinsa ba ya riƙe magana. Da ya fara koyarwa a Dutsin-Ma sai ya sayo na'urar hangen taurari, wani dogon bututu mai ƙafa uku. Duk ƙarshen mako yakan ɗauro ta a babur ya kawo ƙauyenmu da ke gefen Rawayau. Ni haushi abin yake ba ni. Mutane suna kwana ido biyu saboda 'yan bindiga, shi kuwa yana leƙen ramukan wata.

Wata Juma'a ya shaida wa mutane a bakin masallaci cewa bayan magariba wani haske zai keto daga yamma ya ɓace ta gabas. Ya ce ba tauraro ba ne, tashar bincike ce da ke zagaya duniya, har da mutane a ciki. Aka yi masa dariya. Hasken kuwa ya zo yadda ya faɗa, shiru, ko ƙyaftawa ba ya yi. Kafin gari ya waye aka faɗa wa ƙauyen da ke tsallaken rafi, aka kore shanu, aka tafi da mutane.

Washegari mai shayi bai amsa masa sallama ba. A lokacin nan, da zarar an ce mutum infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga labari, to sai dai a nemo likkafani. Mun ga an yi.

Da la'asar 'yan sintiri suka yi sallama a zaure. Na laɓe bayan ƙyaure. Babbansu, abokin marigayi babanmu ne, ya ce, "Malam, wanga haske naka, yaushe za shi sake wucewa?"

Na san ƙanena ya sani. Da safe ya nuna mini a waya cewa yau ma zai wuce.

Ƙanena ya ce, "Ban sani ba, Baba. Jiya ma dace ne."

"To, madalla. Mu dai muna kallo."

Inna ta tura na'urar cikin rumbu ta rufe da buhu. Bayan magariba muna tsakar gida sai ga hasken daga yamma. Babu wanda ya ɗaga kai. Ƙanena ya sunkuya kan kwanon wanke hannu, yana bin hasken da ido a cikin ruwan har ya fita.

Can nesa muka ji ƙarar babur. Inna ta ce, "Na wa ne?"

Na tashi na sa wa ƙofar zaure sakata.