Kaskon turare a ɗakin gwaji

Ban taɓa mantawa da ranar da aka sa ni hura gawayi a ɗakin gwaje-gwaje ba. A wata makarantar kimiyya ce a ƙasar Katagum, ba zan kama suna ba, shekarun dubu biyu da 'yan kai, ina mai kula da kayan gwaji.

Akwai wani sabon malami, Dakta Sale, mutumin Gamawa. A ƙa'ida, sai Shugaban Sashe ya sa hannu kafin a tabbatar wa sabon malami da aiki. Bincikensa kan leza ne, wato haske mai tsananin ƙarfi da ake harbawa cikin ƙiftawar ido. Ya taɓa fahimtar da ni cewa in aka harba shi cikin filasma, iskar da zafi ya wargaza kamar ta walƙiya, ba ya tafiya a miƙe, sai ya rabu zare-zare kamar igiyar da ta warware. Lissafin warwarewar yake yi a kwamfuta, don na'urar kanta ko a mafarki ba mu da ita.

Da aka ce masu tantance makarantu na tafe, Shugaba ya sa aka sayo 'yar tocila mai jan haske a kasuwar Azare, irin ta wasan yara, ya ɗauko kaskon turaren Hajiyarsa.

Ya kira Dakta Sale ya ce, "Dakta, ga leza, ga filasma. Kai dai ka zuba musu Turanci."

"Ranka ya daɗe, wannan hayaƙi ne."

"Wa ya sani? Takardar tabbatar maka da aiki fa tana teburina."

"To, ta kwana a can."

Ranar da suka zo, Shugaba ya riƙe tocilar da kansa. Na zuba turare, aka rufe tagogi, jan haske ya ratsa hayaƙi yana rawa, domin hannunsa ne ke karkarwa. Ya ce, "Kun gani! Ya warware!" Baƙi, kowa da digirinsa, suka tafa. Babbansu ya matso kusa da ni, na zaci tambayar ilimi ce.

"Malam, turaren nan na Barno ne? Uwargida za ta so shi."

Sashe ya tsallake tantancewa. Dakta kuwa aka rubuta ba ya ba da haɗin kai. Kafin azumi, ya tattara littattafansa ya bar makarantar, Allah ya musanya masa da mafi alheri.

Abin da na koya, 'yan'uwa: a aikin nan, mai hura hayaƙi ya fi wanda ya san wuta daɗewa a kujera. Har na yi ritaya kaskon yana cikin kabad, da lambar makaranta a jikinsa.