Bakwai da Nema

Ajimi mai wankin hula ne a unguwar Wulari. In ka tambayi maƙwabtansa wane irin mutum ne, za su ce mai tausayi, kuma shi ma haka ya ɗauki kansa har ya shekara arba'in da uku.

Kwana shida yana wanke huluna, ya sa musu sitaci, ya jera su a rana. Yammacin Lahadi kuwa na abokinsa Okechukwu ne, mai sayar da kwanuka a Kasuwar Litinin. Tun suna samari suke buga wani tsohon gem na ƙwallo, irin wanda kawunan 'yan wasansa suke kamar bulo. Da na'urar gem ɗin ta mutu, Ajimi ya samo tsohuwar kwamfuta, aka sa masa manhajar da ke kwaikwayon na'urar, ya sayi fad biyu na riƙewa a hannu: baƙi nasa, ja na Okechukwu. Ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba, maɓallin fasin a wannan shi ne na shot a wancan. Dole Ajimi ya koyi shiga saiti yana raba wa kowane maɓalli aikinsa.

Bara hawan jini ya bugi Okechukwu. Ya tashi, amma babban yatsansa na dama ya daina jin magana. Ajimi ya kwashe masa fasin da shot ya mayar saman fad ta hagu, inda ɗan alinsa ke kaiwa. Duk da haka Okechukwu kashi yake sha. Wata Lahadi ya ajiye fad ya ce abin ya daina yi masa daɗi, gara ya riƙa zama a gida.

Wannan maganar ce ta firgita Ajimi. Bai gaya wa kowa ba, ya hargitsa maɓallan nasa fad ɗin: gudu ya koma wurin shot, shot ya koma inda yatsa ba ya zato. Matsalar ita ce yatsunsa na da saurin koyo, sai ya zama kowane mako sai ya sake hargitsa su. Okechukwu ya fara ci, bakinsa ya dawo. Yana kiransa mai sitaci, yana cewa ko da hannu ɗaya da rabi ya fi ƙarfin duk Wulari. Ajimi yakan yi dariya, amma yakan kwana yana juya maganar.

Ita kwamfuta ba ta san ja ko baƙi ba, rami ta sani. Fad ɗin da aka soka a ramin hagu shi ke ɗaukar saitin Ajimi, na dama ya ɗauki na Okechukwu. Ran nan Ajimi ya zare wayoyin don ya goge tebur, ya mayar da su a juye. Ko kuskure ne? Har yau in ya tambayi kansa, amsa biyu yake samu.

Ana take wasa ɗan wasan Okechukwu ya harba ƙwallo waje ba gaira ba dalili. Ajimi ya taɓa saman fad ɗinsa ta hagu, sai ga fasin ya tafi sumul. Nan ya gane. Maɓallin tsayar da wasa na nan ƙarƙashin yatsansa. Ya ce a ransa bari wannan harin ya wuce tukuna. Harin ya zama ƙwallo. Ya ce to bayan na biyu. Okechukwu na gefensa yana matsa fad da ƙarfi, yana duban hannunsa, yana tambaya ƙasa-ƙasa ko na hagun ma ya fara mutuwa ne. Ajimi ya ji shi sarai, ya zura ta biyar.

Bakwai da nema aka tashi. Okechukwu ya ce zai koma asibiti gobe. Sai a lokacin Ajimi ya nuna masa wayoyin, kuma da ya fara bayani sai komai ya zubo, har da hargitsin watanni takwas.

Okechukwu ya daɗe yana juya jan fad ɗin.

"Wato duk cin da na yi maka sadaka ce?"

Ajimi ya ce ba haka ba ne, sannan ya ce haka ne.

"To na yau fa, Ya Ajimi, yaushe ka lura?"

"Tun kafin ta farko."

Okechukwu ya naɗe wayar fad ɗinsa, ya tari keke mai ƙafa uku ya tafi. Mako guda Ajimi yana wanke huluna yana neman wanne ne laifin: watannin da ya bari aka ci shi, ko minti goman da ya ci. Ya rasa wanda zai nemi gafara a kansa, don haka bai kira ba.

Lahadi bayan la'asar Okechukwu ya shigo, bai zauna a kujerarsa ba. Ya ja ta gaban kwamfutar, ya ce a nuna masa inda ake shiga saiti, sannan mai sitaci ya fita waje ya jira. Okechukwu ya fi rabin awa yana latse-latse da hannun hagu. Da ya kira Ajimi, ya miƙa masa baƙin fad.

Ajimi ya tambaya ina shot yake yanzu.

"Ni ma ban tabbata ba," in ji Okechukwu. "Zauna."