Lomar da Ta Tsaya wa Yaya Ayid

Yayana Ayid ya yi shekara ashirin da shida yana jan bas tsakanin Karak da Amman, kuma ban taɓa jin fasinjan da ya ce ya zage shi ko ya bar shi a hanya ba. Amma ka tambayi mutanen garinmu Karak wane ne Abu Nayif, wato alkunyarsa, ba wanda zai ce maka direba. Cewa za su yi, "Au, Randa?" su kwashe da dariya. Sunan da suka laƙaba masa ke nan tun yana saurayi, saboda ƙiba.

Ni ce ƙanwarsa, Kitam. Mu biyu kaɗai mahaifiyarmu Hajja Fidda ta haifa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Abin da ke ƙona min rai har gobe shi ne, masu yi masa dariyar nan su ne suka ɗura masa ƙibar. Ba biki, ba zaman makoki, ba walimar dawowa daga Hajji da za a yi ba a aiko masa ba. Ba ƙauna ba ce, kallo suke so. Maza su tsaya su kewaye tiren mansaf, abincinmu na shinkafa da naman rago, a tura masa kan rago gabansa, a ƙara kwarara masa romo a kan shinkafa, ana cewa, "Abu Nayif, kada ka ba mu kunya, baƙi sun zo ganinka." Shi kuwa mutum ne mai nauyin baki, bai iya cewa a'a ba. Washegari su ɗin dai su shiga motarsa suna cewa, "Allah ya ji ƙan tayar da ke ƙarƙashin direba."

Shekarar da ya cika arba'in da tara, nauyinsa ya kai kilo ɗari da hamsin da takwas. Ga ciwon suga, ga hawan jini, sujada ta gagare shi sai a kan kujera yake salla. Wata rana da azahar gyangyaɗi ya sace shi a hanyar hamada, motar ta sauka daga titi da mutum talatin a ciki. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Mai motar ya kira shi ya ce ko ya rage jikin nan ko ya ajiye makulli.

Wani fasinja ne ya ba shi lambar wani likita mai asibitin kansa a Amman. Ni da matarsa Wijdan muka raka shi. Likitan ya ɗauko wani ɗan zoben roba ya nuna mana, ya ce za a ɗaura shi a saman tumbi ya matse hanya, sai mutum ya ƙoshi da loma kaɗan. Akwai siririn bututu daga zoben zuwa wani abu kamar maɓalli da za a binne a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan ake soka allura a ƙara ruwa zoben ya matse, ko a zuƙe ya saki. Ko minti goma bai yi da mu ba.

Na ce, "Likita, to me zai riƙa ci bayan an yi?"

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Komai, Hajja, komai. Kaɗan-kaɗan dai."

Ƙarya ya shara mana, kuma ban yafe ba.

A hanyar dawowa Yaya ya tsayar da mota ya juyo ya dube mu. Ya ce, "Ku rantse. Wadda ta faɗa a cikinku, ba ni ba ita. So kuke a ce an ɗaure wa Randa baki kamar buhu?"

Na ce, "Har Inna?"

"Ita ce ta farko. Inna ta ji, Karak ta ji."

Muka rantse. Aka yi aiki, muka ce wa kowa matsarmama aka cire masa.

Komai ɗin da likita ya ce, ga yadda ya kasance. Burodi mai laushi ba ya wucewa. Shinkafa ba ta wucewa. Nama kuwa sai ya tauna har muƙamuƙinsa ya gaji, kuma in ya yi garaje sau ɗaya, lomar ta cije masa a ƙirji kamar an kafa ƙusa. Sai ka ga idonsa ya kawo ruwa, yawu mai yauƙi ya cika masa baki, ya miƙe yana dukan ƙirji ya nufi bayi. Ruwa ba ya tura ta, ƙara toshewa yake. Da safe zoben ya fi matsewa, ko shayi sai ya yi ta kurɓa kamar magani. Duk wannan a jikinsa ya koya, loma bayan loma, ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa. In motarsa ta tsaya a Katrana fasinja suka sauka cin abinci, shi yana zaune a kujerarsa da ɗan kofin nono da cokali.

Kuma sha'awar abinci ba ta tafi ko'ina ba. Wijdan ta ce min ta sha ganinsa tsaye a ƙofar gidan burodi, ba saye yake ba, ƙamshi kawai yake shaƙa. Ya zama mai saurin fushi, mutumin da a da ko yaro bai taɓa daka wa tsawa ba.

Wadda ta fi kowa shan wahala bayansa ita ce Wijdan. Duk Juma'a a gidan Inna muke cin abincin rana. Inna ta cika masa faranti, ya tsakuri cokali uku ya ture. Juma'a ta huɗu ta ajiye ludayi ta ce, "Kai Ayid, abincina ne ya fara yi maka wari, ko matarka ce ta hana ka?"

"Inna, na ƙoshi ne."

"Ka ƙoshi a ina? Ni na haife ka, na san cikinka." Ta juya kan Wijdan. "Me kike ba shi a gidan nan? Ɗana kamar bijimi, kin mayar min da shi sillen kara."

Wijdan ta sunkuyar da kai. Shekara guda cur tana shan wannan. Har Inna ta kai ga yayyafa wa ƙofar gidansu ruwan addu'a, wai an yi masa asiri. Ni kuma ina zaune, rantsuwa ta rufe min baki.

A shekarar ya zubar da kilo arba'in da biyar. Suga ya sauka, ya koma yin sujada da goshinsa. Kuna tsammani mutane sun yi masa barka? Wasu suka ce ciwon daji ne yake ɓoyewa. Wasu suka ce ƙwaya ya fara sha irin ta direbobin dogon zango. Akwai matar da ta sauke 'ya'yanta daga motarsa a tasha, a gaban idonsa.

Ana cikin haka babban ɗansa Nayif ya ga yarinya, 'yar wani mai sayar da kayan gini da ake kira Abu Sayil. Aka tara dattawa aka je neman aure, aka ba da ita, aka sha gahawa. Sai Abu Sayil ya ce ba mai fita sai an ci abinci. Ina ɓangaren mata, amma tagar ɗakin tana kallon rumfar maza, komai a idona aka yi.

Aka jera tire-tire. Yaya ya tsaya a gefen nasu yana ɗan taɓa romo da yatsa, yana jan mutane da hira don kada a lura. Abu Sayil ya lura.

Ya ɗaga murya ya ce, "Abu Nayif! A gidan kowa kana tashi da rago, a gidana kake tsattsaga kamar kaza? Abincinmu bai kai ba ne?"

"Ya kai har ya wuce. Allah ya ƙara arziki. Na ƙoshi."

"Jama'a, kun ji? Wai Randa ya ƙoshi!"

Rumfa ta ɗauki dariya. Yaya ya sake cewa ya ƙoshi, ya ɗora hannu a ƙirji. Ya kuma faɗa a karo na uku. Abu Sayil ya naɗe hannun riga, ya dunƙula shinkafa da tsokar nama, loma kamar ƙwan agwagwa, ya miƙo masa har baki.

"Na rantse da igiyar aurena, in ba ka haɗiye wannan ba uwar 'ya'yana ta saku, kuma 'yata ba ta shiga gidanka."

Maza sun fi sittin. Na ga Yaya ya waiga ya dubi Nayif, yaron ya yi fari fat don tsoro. Sai ya buɗe baki ya karɓa. Bai samu damar taunawa yadda ya saba ba, ana ta tafi ana "Haka muke so!" Ya haɗiye.

Ya daure a tsaye har aka ɗauke tire, gumi na zuba daga haɓarsa. Sai da ya kai bayan motarsa sannan ya durƙusa. Kwana uku yana amai, ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo. Na kira asibitin can na Amman. Wata yarinya ta ce likitan ya koma aiki ƙasar waje tun bara, asibitin ma ya canja hannu, ba su da fayil ɗin kowa.

Na ce, "To zoben da ya bari a cikin mutum fa, shi ma ya canja hannu?"

Ta kashe waya.

Muka kwashe shi zuwa asibitin gwamnati, leɓunansa sun tsage. Wata likita ta laluba cikinsa ta sami maɓallin, ta soka allura ta zuƙe ruwan zoben. Hoto ya nuna yawan yunƙurin amai ya sa zoben ya zame daga wurinsa ya shaƙe tumbin, sai an sake shiga. Ta tambaye ni wa yake duba shi tun da aka sa. Na ce ba kowa. Ta tambayi wa ya koya masa yadda zai ci. Na ce ba kowa. Ta yi tsaki ta ci gaba da rubutu.

Ta ba shi zaɓi, a cire gaba ɗaya ko a mayar da shi wurinsa. Muryarsa da ƙyar take fita, ya ce, "A mayar. In kuka cire, kafin wata shida ƙibar ta dawo. Na san mutanena, na san kaina."

Ranar na karya rantsuwa. Inna tana zaune a barandar asibiti tana ta cewa Wijdan ta kashe mata ɗa, na ji ba zan iya ba, na zayyana mata komai. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ɗaga sandarta ta maka min a cinya.

"Shekara guda kuna kallona ina cin zalin yarinyar nan? Ku biyu 'ya'yan banza ne!"

Ta tashi da ƙyar ta je ta kama kan Wijdan ta sumbata. Ni kuma na yi azumin kaffara kwana uku, ban yi da-na-sani ba.

Kwana biyu da yin aiki sai ga Abu Sayil ya zo dubiya, da ƙaton tiren kayan zaƙin nan kunafa a hannu. Kunafa, ga mutumin da ake ba ruwa da cokali! Ya shigo yana, "Sannu surukina, wai me ya faru ne? An ce ciki."

Yaya ya ce, "Matso." Ya yaye riga, ya kama hannun Abu Sayil ya danna a kan maɓallin nan da ke ƙarƙashin fata. "Ka ji shi? Zobe ne aka sa min a tumbi. Lomarka ce ta kawo ni nan."

Abu Sayil ya fizge hannu. "Subhanallahi! To ai da ka faɗa, Abu Nayif. Wa zai sani?"

"Na faɗa. Sau uku na ce maka na ƙoshi."

"Ai kowa haka yake cewa."

"To ni da gaske nake! Sai na tuɓe maka riga a gaban maza sittin kafin ka yarda? Shekara talatin kuna tura min abinci kuna dariya. Na yi ƙiba kun yi dariya, na rame kun ce ƙwaya nake sha. Ɗauki kayan zaƙinka ka fita, kafin ɗinkin nan ya farke."

Ya fita. Tiren kuwa ni na bi shi da shi har bakin ƙofa na dangwara masa a hannu.

An yi auren bayan wata huɗu, don yaran ba su da laifi. Yaya ya zo da ɗan kwanonsa da cokalinsa daga gida, ya zauna a kan kujera a tsakiyar rumfa ya ci abin da zai iya. Wani ya buɗe baki zai yi wasa, Yaya ya dube shi, ya haɗiye wasansa. Tun daga ranar gayyatar da ake yi masa ta ragu da fiye da rabi, abin da ya nuna min dalilin gayyatar tun farko.

Yau shekara huɗu ke nan. Yana nan yana jan motarsa, nauyinsa na yawo tsakanin ɗari da biyar da ɗari da goma. Duk wata uku yana zuwa wurin likitar nan ta duba zoben. Har yanzu akwai ranar da ƙwai dafaffe ke tsaya masa, ya tashi daga kan abinci idonsa jajir. Ya ce bai san ko zai sake yarda a sa masa ba da za a koma baya, amma ba ya son komawa salla a kujera.

Watanni biyar da suka wuce wani maƙwabcinsa ya zo neman shawara. 'Yarsa Rawan, shekararta goma sha tara, wai dangin saurayinta sun ce ta cika jiki, yana so a sa mata zobe kafin biki.

Yaya ya ce, "Ita ta ce tana so?"

"Yarinya ce, me ta sani?"

"To kawo ta ta wuni da mu, ta ga yadda nake cin abinci, sannan a tambaye ta."

Bai kawo ta ba. Birnin Amman ya kai ta, aka sa mata zoben. Makon jiya uwarta ta rako ta gidana, da yake ɗinki nake yi, a rage mata rigunan biki. Rawan ta roƙi ruwa na ba ta. Har na gama awo, na rage riga biyu, ba ta kai rabin kofin ba, tana kurɓa tana dafe ƙirji. Uwar kuwa sai juya ta take tana ce min, "Kitam, dubi ƙugu, don Allah dubi ƙugu."