Idon Sambo Kafinta

Duk wanda ya san Kalgo a zamanin mulkin soja ya san Sambo kafinta, mai ƙofofi da benci a bakin kasuwa. Tun yana saurayi, in zai duba miƙewar katako sai ya runtse idon hagu, har abin ya bi jikinsa. Ko kankana zai saya, da ido guda yake leƙenta.

Shekarar da matarsa Kulu ta tafi aikin hajji, can Allah ya karɓi abarsa, aka binne ta a Makka. Abokiyar tafiyarta, Hajiya Kubura ta Gwandu, ita ta kawo masa jakarta. A cikin tsarabar da Kulu ta saya akwai wani jan abin kallo mai tagogi biyu: a saka faifan hotuna, a kanga a fuska, a kalli haske.

Kowa ya leƙa sai salati. Wannan ya ce kamar ya taka cikin Harami, wancan ya ce saura kaɗan ya taɓa Ka'aba. Sambo ya karɓa ya leƙa. Hoto ne kawai, ba zurfi, irin na kalanda.

Ya goge gilashin da hularsa. Ya juya faifan. Ya sake alwala ya leƙa, shiru. Abin ya ɗaure masa kai, daga baya ya koma tsoro. Ko wani laifi ya yi wa Kulu, shi ya sa aka rufe masa wurin da take kwance? Ya daina cin abincin kirki.

Wata rana yayarsa Hajjo ta zo daga Diggi, ta same shi a tsakar gida yana fama da abin kallon.

"Kai Sambo, mi kaka yi haka? Wanga abu katako na? Buɗe ɗayan!"

"Wane ɗayan?"

"Idonka mana!"

Bai ma san a rufe yake ba. Ya buɗe. Hotuna biyu suka hau juna, kansa ya juya, ya ce, "Yaya, ai ya ƙara lalacewa."

"Yi haƙuri dai, kak ka matsa mishi."

Can sai ginshiƙan Harami suka ja baya, filin ya buɗe, ga mutane, wani gaba wani baya. A gefe wata mata ta ba da baya, tsayinta kamar na Kulu.

Sambo ya miƙa hannu a hankali. Zanar gidansa ya taɓa.