Littafin Garzali Mai Buɗewa Ta Dama

Garzali mai fenti ya baro Kano a 1979 ya zauna a unguwar Limanti, yana zana allunan shaguna da bayan manyan motoci. Boko kuwa ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Ajami yake karantawa, haruffan Turawa kwaikwayonsu kawai yake yi kamar yadda yake kwaikwayon zanen zaki. Ga shi da bin diddigi, in abu ya ɗaure masa kai ko tuwo ba ya masa daɗi.

Abin da ya ɗaure masa kai a 1991 'yarsa ce Saude. Ta dawo daga makarantarsu ta Wulari idanu jajur, wai Gimbiyar Tafki ta mutu. Ya yi salati, ya tambayi 'yar gidan waye. Ashe ba mutum ba ce! Wasa ne da suke yi bayan makaranta: ƙawarta Rose tana ba da labarin wata ƙasa a ƙarƙashin ruwa, kowace yarinya da jarumarta, ƙwayar ludo kuma ita ke yanke hukunci. Saude ta jefa, ɗaya ta fito, dodon ruwa ya soke Gimbiyarta da mashi. Rose ta ce doka ce, ba a sakewa. Daga nan Saude ta ɗauke mata wuta, ƙawancen shekara bakwai yana neman rushewa.

Garzali ya ji haushi, amma son sani ya fi ƙarfinsa. Yaya za a yi wa wadda ba a haifa ba kuka haka? Ya taka har gidan su Rose, ta karanta masa labarin kaf daga littafin rubutunta, yana ta katse ta da tambaya: dodon ƙaho nawa, Gimbiyar tana sa takalmi? Ya ce zai zana, ita ta sa kalmomi daga baya.

Mako uku ya yi a kai, masu shaguna suna ta mita. Shafi goma sha biyu, kowane an raba shi gida-gida, kowane gida da hotonsa, ba harafi ko ɗaya. Sai dai bawan Allah ya fara daga dama ya nufi hagu, yadda hannunsa ya saba tun yana riƙe allo.

Ran Asabar ya kira su biyun, suka zauna kowacce ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Rose ta ɗauki littafin ta buɗe ta hagu, irin buɗewar 'yan makaranta. Ga Gimbiya kwance a mace. Gida na gaba mashin ya fita daga ƙirjinta, sannan ta miƙe, dodon yana ja da baya, har ta koma ƙofar gidansu uwarta tana riƙe da hannunta.

Saude ta matso har kafaɗarsu ta haɗu.

"Baba, ai ka tashe ta," in ji Rose a hankali.

Kunya ta kama shi, ya buɗe baki zai ce baibai suka riƙe. Sai ya ga Saude tana dariya da hawaye, tana nuna wa Rose takalmin Gimbiya. Ya haɗiye maganarsa.

Ya zana musu wasu littattafai shida bayan wannan, duk daga hagu, don ya koya. Na farkon ne ya ƙi gyarawa. In baƙo ya juya shi yana tambayar ta ina ake farawa, Garzali yakan ce, "Ni ta inda na fara, ta mutu. Fara ta inda yaran suka fara."